Ɗage Biyan Bashin Karatu a Amurka: Yadda Tsarin Yake da Abin da Yake Jawo wa Mai Bashi

Mutane kimanin miliyan 43 ne gwamnatin tarayyar Amurka ke bi bashin karatu, kuma jimillar kuɗin ta haura dala tiriliyan 1.6. Bashi ne da ɗalibi ke ci ta hannun Ma'aikatar Ilimi domin biyan kuɗin jami'a ko kwaleji, sannan ya fara biya wata-wata bayan watanni shida da barin makaranta, ko ya kammala karatun ko bai kammala ba. Tsarin biya na asali, ga basussukan da aka ci kafin Yuli 2026, na shekara goma ne, kuma a cikin shekara goma babu abin da ba ya faruwa: kamfani kan rage ma'aikata, ciwo kan kwantar da mutum, wani kuma ya yanke shawarar komawa aji domin ƙaro digiri. Saboda haka doka ta buɗe hanyoyin da mai bashi zai dakatar da biya na ɗan lokaci ba tare da an ɗauke shi a matsayin wanda ya ƙi biya ba. Wannan tanadi ya ceci mutane da yawa, amma kuma ya jefa wasu miliyoyi cikin bashin da ya fi wanda suka ci tun farko, kuma abin da ya raba waɗannan da waɗancan shi ne ƙofar da aka nuna musu a ranar da suka nemi taimako.

Ƙofofin biyu ne. Ta farko ita ce jinkirin biya, wanda haƙƙi ne ga duk wanda ya cika sharuɗɗan da doka ta lissafa, kuma babu jami'in da zai hana shi idan takardunsa sun cika. Ɗalibin da ya koma makaranta yana ɗaukar aƙalla rabin darussan cikakken ɗalibi yana samunsa, galibi ma ba sai ya nema ba, domin makarantar ce ke sanar da ma'aikata. Wanda ya rasa aiki yana neman wani na iya samun jinkiri har na shekara uku a jimlace. Haka ma wanda ke cikin matsin tattalin arziki, wato wanda ke karɓar tallafin gwamnati na marasa ƙarfi, ko wanda ke aikin cikakken lokaci amma albashinsa bai wuce kashi 150 cikin ɗari na ma'aunin talauci ba, shi ma shekara uku ce iyakarsa. Akwai jinkirin sojan da aka tura bakin aiki, akwai kuma wanda majalisar dokoki ta ƙara a 2018 domin masu jinyar ciwon daji, wanda ke ɗaukar tsawon lokacin jinyar da watanni shida bayanta.

Ƙofa ta biyu ita ce ɗaga ƙafa. Mafi yawanta tana hannun kamfanin da gwamnati ta ba kwangilar kula da asusun mai bashi, irin su MOHELA da Nelnet da Aidvantage da Edfinancial. Mutum ya ce yana cikin matsalar kuɗi, ko kuɗin asibiti sun yi masa yawa, ko ya canja aiki, sai kamfanin ya duba ya ɗaga masa ƙafa har na watanni goma sha biyu a karo ɗaya, da iyakar shekara uku idan an haɗa duka. Akwai kuma nau'in da ya zama dole kamfani ya bayar, misali ga likitan da ke cikin horon ƙwarewa a asibiti, ko wanda biyan bashin karatunsa ke cinye kashi 20 cikin ɗari ko fiye na abin da yake samu a wata.

A idon wanda ke cikin matsi, ƙofofin nan ɗaya ne, tunda a kowace takardar neman biya ta daina zuwa. Bambancin yana cikin kuɗin ruwa. Bashin karatu na tarayya iri-iri ne, kuma biyu daga ciki su ne ginshiƙi. Akwai bashi mai tallafi, wanda ake ba masu karatun digiri na farko da aka tabbatar suna da buƙata, kuma a kansa gwamnati ce ke ɗaukar nauyin ruwan muddin ɗalibi yana makaranta ko yana cikin jinkirin biya. Akwai bashi marar tallafi, wanda ruwansa ke fara taruwa tun ranar da aka fitar da kuɗin, kuma haka bashin masu digiri na gaba da wanda iyaye ke ci domin 'ya'yansu yake. To a jinkirin biya, bashi mai tallafi yana tsayawa cak, marar tallafi kuwa yana ci gaba da hawa. A ɗaga ƙafa babu wannan rarrabewa, domin kowane irin bashi ne ruwansa na taruwa a wuyan mai shi. Lamarin kamar hayar shago ne, ko an buɗe an yi ciniki ko an rufe an tafi jinya, wata yana ƙirgawa.

Ya kamata a zauna a yi lissafin, domin maganar ruwa ba ta shiga kunne sai an ga lambobi. A ɗauka mutum yana da bashi marar tallafi na dala 30,000, kuma domin sauƙin lissafi a ce dukkansa a kan ruwan kashi 6.39 cikin ɗari yake, wanda shi ne ruwan da aka yanka wa masu digiri na farko a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026. A tsarin shekara goma, zai riƙa biyan kusan dala 339 a wata. Idan ya dakatar da biya, ruwan dala 1,917 zai taru masa a shekara, wato kusan dala 160 a wata, ko dala biyar da 'yan kai a kowace rana, har da Asabar da Lahadi. Bayan shekara uku, dala 5,751 ke nan ta hau kansa alhali bai ƙara ko kwana ɗaya a aji ba. Idan kuma aka haɗe wannan ruwa da uwar kuɗi, bashin ya koma dala 35,751, daga nan ruwan da za a riƙa yankawa a kan wannan sabon adadi ne, biyan wata kuma ya tashi zuwa kusan dala 404. Mutumin da ya kasa biyan 339 shi ne yanzu ake jira ya kawo 404.

Wannan haɗe ruwa da uwar kuɗi ya daɗe yana cikin manyan ƙorafe-ƙorafen masu bashi, har gwamnatin Joe Biden ta fitar da ƙa'idar da ta fara aiki a ranar 1 ga Yuli 2023, wadda ta hana yin hakan bayan ɗaga ƙafa a kan basussukan da gwamnati ta bayar kai tsaye. Ruwan yana nan, za a biya shi, amma ba zai haifi wani ruwan ba. Sai dai ƙa'idar ba ta iya taɓa wuraren da majalisa ta rubuta haɗewar a cikin doka ba, kuma ɗaya daga cikinsu shi ne ƙarshen jinkirin biya a kan bashi marar tallafi. Sakamakon haka, ga wanda duk bashinsa marar tallafi ne, jinkirin biya na iya fi masa tsada kaɗan a kan ɗaga ƙafa, abin da ya saɓa wa shawarar da aka saba bayarwa shekara da shekaru. Shi ya sa matakin farko ga kowane mai bashi shi ne ya shiga asusunsa a shafin ma'aikata ya ga wane iri ne bashinsa, domin mutum ɗaya kan samu kansa da basussuka shida ko takwas, kowanne da irinsa da ruwansa.

Tambayar da ta fi damuna a wannan al'amari ita ce me ya sa ɗaga ƙafa, wadda ta fi tsada ga yawancin mutane, ta zama ita ce aka fi tura jama'a cikinta. Amsar tana cikin abin da ke faruwa a kan waya. Mace ce, a ce ma'aikaciyar gidan kula da tsofaffi, an rage mata sa'o'in aiki, ta kira kamfanin a lokacin hutun cin abincinta ta ce wannan watan ba za ta iya biya ba. A gaban ma'aikacin da ya ɗauki wayar akwai hanya biyu. Zai iya karanta mata 'yan layuka, ta amsa da baki cewa ta yarda, ya danna maɓalli, cikin 'yan mintuna an ɗaga mata ƙafa, ta ajiye waya tana godiya. Ko kuma ya tsaya ya yi mata bayanin tsarin biya gwargwadon samu, ya tambaye ta albashinta da yawan mutanen gidanta, ya nuna mata takardar da za ta cike da shaidar haraji da za ta haɗa, ya kuma gargaɗe ta cewa duk shekara sai ta sabunta. Hanya ta biyu tana cin lokaci, kuma lokacin ma'aikaci kuɗi ne ga kamfanin da ake biyansa ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kan kowane asusu.

Alhali hanya ta biyun ce ta dace da wannan mata. A tsarin biya gwargwadon samu, ana cire wani kaso na abin da mutum ke samu a matsayin kuɗin rayuwa, sannan a yanka masa kashi 10 ko 15 cikin ɗari na abin da ya rage, kuma idan samunsa ya yi ƙasa ƙwarai, biyan nasa na wata na iya zama sifiri. Wannan sifirin ana ƙirga shi a matsayin biya, kuma bayan shekara 20 ko 25 ana yafe abin da ya saura. Ga malaman makarantun gwamnati da ma'aikatan jinya na asibitocin da ba na neman riba ba da sauran masu aikin jama'a, dokar 2007 ta tanadi yafiya bayan biya 120, wato shekara goma. Watannin ɗaga ƙafa kuwa, in ban da 'yan kaɗan da ƙa'ida ta keɓe, ba sa shiga wannan ƙidaya. Saboda haka mutum biyu na iya zama wata guda babu wanda ya biya ko sisi, ɗaya ya matsa kusa da yafiya, ɗaya kuma ya tsaya inda yake ruwa na hawa.

Wannan ba zargi ne na baka kawai ba. A watan Janairu 2017, hukumar kare haƙƙin masu hulɗa da cibiyoyin kuɗi ta Amurka ta kai kamfanin Navient kotu, wanda a lokacin shi ne mafi girma a sana'ar kula da asusun masu bashin karatu, tana zarginsa da karkata masu bashi zuwa ɗaga ƙafa maimakon biya gwargwadon samu, kuma ta ce hakan ya ƙara musu ruwan da ya kai dala biliyan 4 tsakanin 2010 da 2015. Kamfanin ya musanta laifi, amma a 2022 ya sasanta da manyan lauyoyin jihohi 39 a kan dala biliyan 1.85, sannan a watan Satumba 2024 ya amince ya biya dala miliyan 120 tare da haramta masa kula da basussukan karatu na tarayya.

Makarantu ma suna da nasu hannu. Doka tana auna kowace makaranta da yawan tsofaffin ɗalibanta da suka gaza biya a cikin shekara uku na farko, kuma wadda adadinta ya kai kashi 30 cikin ɗari shekara uku a jere na iya rasa damar karɓar kuɗin tallafin ɗalibai na tarayya, wanda ga makarantu da yawa daidai yake da rufe ƙofa. Wanda aka ɗaga wa ƙafa ba ya shiga wannan lissafi. A 2018 ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokoki ya gano cewa wasu kamfanonin da makarantu ke ɗauka domin rage wannan adadi suna bin tsofaffin ɗalibai da waya da wasiƙu suna zuga su su nemi ɗaga ƙafa, har shekaru ukun auna makarantar su wuce. Makaranta ta tsira da sunanta, ɗalibi kuma ya fuskanci bashin da ya kumbura a shekara ta huɗu, lokacin da babu mai sauran ƙirga shi. A ganina wannan shi ne mafi muni a duk labarin, domin an mai da tanadin jin ƙai abin ɓoye gazawar makaranta. Ma'aikatar Ilimi da kanta ta amince da ɓarnar a watan Afrilu 2022, inda ta sanar da cewa za ta sake ƙirga asusun jama'a, ta mayar da watannin ɗaga ƙafa cikin ƙidayar yafiya ga wanda ya yi watanni 12 a jere ko 36 a jimlace a cikinta.

Duk wannan ya sha bamban da dakatarwar da aka yi lokacin annobar korona, wadda ita ce mafi girma a tarihin wannan bashi. Ta fara aiki daga 13 ga Maris 2020 a zamanin mulkin Donald Trump na farko, majalisa ta tabbatar da ita a dokar agajin da aka sa wa hannu a ƙarshen wannan watan, sannan aka yi ta tsawaita ta a ƙarƙashin Trump da Biden. A wannan karon an mayar da ruwa sifiri, ba a buƙaci kowa ya nema ba, an dakatar da bin waɗanda suka riga suka gaza biya, kuma watannin sun shiga ƙidayar yafiya. Ta ɗauki shekara uku da rabi. Yarjejeniyar iyakar cin bashin gwamnati ta watan Yuni 2023 ce ta hana sake tsawaitawa, kuma a ƙarshen wannan watan Kotun Ƙoli ta soke shirin Biden na yafe har dala 10,000 ko 20,000 ga kowane mai bashin da ya cancanta. Ruwa ya dawo a ranar 1 ga Satumba 2023, biya kuma a watan Oktoba.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa hatta dakatarwa marar ruwa tana da nata farashi. A cikin shekarun nan mutane sun ƙaura, sun canja lambar waya, an mayar da asusun miliyoyi daga wani kamfani zuwa wani, kuɗin da a da ake ware wa bashin kuma ya shige cikin haya da cefane waɗanda suka yi tsada. Gwamnati ta ba da shekara guda ta sassauci, har zuwa ƙarshen Satumba 2024, inda ba a kai rahoton wanda ya makara ga hukumomin da ke auna amanar mutum a harkar bashi. Da wa'adin ya ƙare, Babban Bankin Tarayya reshen New York ya ba da rahoton cewa kason bashin karatu da aka yi kwana 90 ko fiye ba a biya ba ya tashi daga ƙasa da kashi 1 zuwa kusan kashi 8 cikin ɗari a farkon 2025. A Amurka faɗuwar makin amana ba ƙaramin abu ba ne, domin da shi ake duba mai neman hayar gida da mai neman bashin mota.

Akwai kuma wasu kimanin miliyan 8 da suka tsinci kansu cikin ɗaga ƙafar da ba su nema ba. Su ne suka shiga sabon tsarin biya gwargwadon samu mai suna SAVE, wanda gwamnatin Biden ta ƙaddamar a 2023, jihohin da 'yan jam'iyyar Republican ke mulki suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya kuma ta tsayar da shi a watan Yuli 2024. Ma'aikata ta ajiye su babu biya babu ruwa, amma watannin ba sa shiga ƙidayar yafiya, sannan daga 1 ga Agusta 2025 ruwa ya sake fara taruwa a kansu. Malamin makarantar da ya rage masa 'yan watanni ya cika biya 120 ya ga ƙidayarsa ta tsaya, ba domin laifin da ya yi ba.

Duk da waɗannan aibobi, kuskure ne babba mutum ya ce tunda dakatarwa tana da tsada gara ya yi shiru ya daina biya. Bayan kwana 90 ana kai sunansa ga masu auna amana, bayan kwana 270 kuma bashin ya shiga halin gazawa, inda gwamnati ke da ikon riƙe rarar harajin da ya kamata a mayar masa, ta kuma yanke har kashi 15 cikin ɗari na albashinsa ba tare da ta je kotu ba. Bashi ne kuma da ke da wuyar sauka ko da mutum ya bayyana karyewar arziki a gaban alƙali. Ma'aikatar Ilimi a ƙarƙashin Linda McMahon ta dawo da bin irin waɗannan basussuka a ranar 5 ga Mayu 2025, a lokacin da mutane fiye da miliyan 5 ke cikin wannan hali. Idan aka kwatanta da wannan, ɗaga ƙafa ta wata uku rahama ce. Wurin da ta dace shi ne matsalar da aka san ranar ƙarewarta, kamar tazarar da ke tsakanin barin wani aiki da kama wani, ko jiran a kammala duba takardar neman biya gwargwadon samu. Wanda kuwa matsalarsa ita ce albashi ba ya isa kuma ba a ga ranar da zai isa ba, dakatarwa ba ta magance masa komai. Kuma ko a cikin dakatarwar, an yarda mutum ya riƙa biyan ruwan kaɗai, wanda a misalin da ya gabata dala 160 ce a wata, domin bashin ya tsaya inda yake.

Wannan magana ta shafi 'yan uwanmu mazauna Amurka da ke da takardar zama ɗan ƙasa ko katin zama na dindindin, musamman iyayen da ke cin bashi da sunansu domin karatun 'ya'ya, wanda ruwansa ya kai kashi 8.94 cikin ɗari a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 kuma ba shi da tallafi ko kaɗan. Ɗalibin da ya tafi daga Kano ko Maraɗi da bizar karatu ba ya cikin masu samun wannan bashi. Mai karatu a Najeriya kuma zai lura cewa asusun lamunin karatu na NELFUND, wanda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa dokarsa hannu a watan Afrilu 2024, an gina shi babu ruwa, kuma biya na farawa ne shekara biyu bayan kammala hidimar ƙasa, don haka jinkiri a can ba ya ƙara wa mutum ko kwabo. Kusan duk wahalar da aka bayyana a sama daga ruwan take fitowa.

Dokokin Amurkan kuma suna kan canjawa. Babbar dokar haraji da kasafin kuɗi da Trump ya sa wa hannu a ranar 4 ga Yuli 2025 ta tanadi cewa basussukan da za a bayar daga 1 ga Yuli 2027 ba za su samu jinkirin rashin aiki ko na matsin tattalin arziki ba, ɗaga ƙafa kuma ba za ta wuce watanni tara a cikin kowace shekara biyu ba. A madadin haka dokar ta kafa sabon tsarin biya daga 1 ga Yuli 2026, inda mutum zai riƙa biyan kashi 1 zuwa 10 cikin ɗari na samunsa, mafi ƙaranci dala 10 a wata, a yafe masa ruwan da biyan nasa bai rufe ba muddin ya biya a kan kari, sauran bashin kuma a yafe shi bayan shekara 30. Taƙaita ɗaga ƙafa yana da hujja mai ƙarfi, ganin yadda aka yi wasa da ita, kuma yafe ruwan da ya rage gyara ne na gaske. Amma soke jinkirin rashin aiki ya fi wuyar karewa, domin tanadi ne da ke tsayar da ruwa a kan bashin ɗaliban da suka fito daga gidajen marasa ƙarfi a daidai lokacin da ba su da albashi, kuma ba a kansa aka samu kamfanoni da makarantu suna cin zarafin jama'a ba. Waɗanda suka ci bashinsu kafin Yuli 2027 suna nan da tsofaffin haƙƙoƙinsu na jinkiri a kan waɗannan basussuka, wanda ke nufin ɗalibin da ya fara jami'a a 2025 zai iya fita da basussuka iri biyu a asusu ɗaya, na shekarun farko ana iya jinkirta su idan ya rasa aiki, na shekarun ƙarshe kuwa sai ya biya ko da dala goman.